Wace kariya ta dace da shafinka na WordPress, kafin ka kai kuɗinka wurin 'yan canji na Zone 4 a Abuja

Wani Alhaji mai sayar da yadi a Kasuwar Wuse ya kira ni da sassafe, ransa a ɓace. Duk wanda ya buɗe shafin shagonsa a waya, sai a jefa shi wani wuri da ke cewa ya ci kyauta. Shi kuwa kalmar sirrinsa ba wanda ya sani. Na ce, "Alhaji, ba ta ƙofa ɓarawon ya shigo ba." Ta wani fulogin ya shigo, ɗaya daga ƙananan manhajojin nan da ake ɗora wa WordPress, manhajar gina shafin intanet, don su yi fom, ko tagar talla, ko su ƙawata shafi.

Masana suna kiran wannan rauni XSS mai zama. Ɓarawo ya rubuta umarnin JavaScript a gurbin da aka tanada don suna ko saƙo, fulogin ɗin bai tace ba, ya adana shi a rumbun bayanai. Daga nan duk burauzar da ta buɗe wurin sai ta aiwatar da umarnin, a zatonta na mai shafi ne. Idan mai kula da shafin ne ya buɗe, an gama, domin da ikonsa za a ƙirƙiri sabon admin a ɓoye. Haka gungun masu kutse da ake kira Balada Injector suka yi a 2023 ta fulogin tagDiv Composer, wanda ke tafe da Newspaper, wani jigo (wato fasalin shafi) da shafukan labarai da yawa ke amfani da shi. Fulogin Popup Builder ma ya faɗa irin wannan, aka toshe a siga ta 4.2.3, amma a farkon 2024 ana ta cin waɗanda ba su sabunta ba. Ko LiteSpeed Cache, da ke kan miliyoyin shafuka, sai da aka gyara masa irin wannan ɓaraka a Oktoban 2023.

To, me za ka saya?

Mafi yawan mutanenmu da fulogin tsaro na Wordfence na kyauta suke farawa, kuma ban ga laifinsu ba. Yana zaune a cikin shafin, yana tare baƙin da bai yarda da su ba, yana binciken fayiloli, yana sanar da kai idan wani fulogin naka ya samu rauni. Inda gizo ke saƙa shi ne sababbin dokokin katangarsa suna isa ga masu na kyauta ne bayan kwana 30. Na kuɗin, sama da dala 100 a shekara, yana samunsu nan take. Kwana talatin kuwa ba wasa ba ne, tunda da zarar an bayyana rauni ake sakin na'urori su bi intanet suna laluben wanda bai gyara ba. Sannan yana cin ƙarfin sabar, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai. A kan masaukin shafi mai araha za ka ji nauyinsa.

Cloudflare da Sucuri a waje suke tsayawa, kamar maigadi a bakin get. Za ka sauya saitin adireshin shafin ta yadda kowane baƙo sai ya bi ta wurinsu. Cloudflare na kyauta yana ƙara sauri, yana kare ka daga masu cunkushe shafi, amma cikakkiyar katangarsa tana tsarin da ake biya wata-wata. Sucuri, mallakar GoDaddy, na kuɗi ne, sai dai cikakken tsarinsa ya haɗa da wanke shafin da aka riga aka lalata. Wannan shi ne abin da ya kamata ka auna sosai. Katanga ba ta cire abin da ya riga ya kwanta a rumbun bayanai, sabunta fulogin ma ba ya cirewa. Shafin Alhaji, bayan mun sabunta komai, bai daina jefa mutane ba sai da muka bi rumbun muka tsince umarnin, muka goge admin biyu da bai san da su ba.

Patchstack rigakafi ya sa a gaba: yana bibiyar raunin fulogin, ya ɗora faci na wucin gadi kafin mai manhajar ya gyara. Ya fi dacewa da mai kula da shafuka da yawa.

Ni dai idan kuɗinka kaɗan ne, na fi so ka kashe su a kan lasisin gaske. Jigo ko fulogin na kuɗi da aka fasa, wanda wani yaro zai tura maka a kan naira dubu biyu, ba ya karɓar sabuntawa, wani lokaci ma da gubarsa yake zuwa. Araha ba ta ado. Kafin ka ɗora kowane fulogin, duba a WordPress.org yaushe aka sabunta shi, shafuka nawa ke amfani da shi, kuma ko an rubuta gyaran tsaro a tarihin sauye-sauyensa. Wanda aka taɓa kama wa rauni ya gyara da wuri ya fi mini wanda ya yi shekara biyu shiru. Tun WordPress 5.5 a 2020 akwai maɓallin sabuntawa ta atomatik ga kowane fulogin, kyauta, amma ka tabbata kana da kwafin ajiya, don wani lokaci sabuntawa kan rikita fasali.

Shafin da kawai yake nuna kaya da lambar WhatsApp, Wordfence na kyauta da Cloudflare na kyauta sun ishe shi, muddin ana sabuntawa. Shafin labarai mai marubuta da yawa ya biya na kuɗi, domin da yawa daga irin wannan rauni asusun ƙaramin marubuci kawai suke buƙata. Makaranta ko asibitin da ke karɓar bayanan mutane kuwa, su tuna dokar kare bayanai ta 2023 ta ba da awa 72 a sanar da NDPC, hukumar kare bayanai ta Najeriya, idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Irin waɗannan su ɗauki mutum a wata, su sa a takarda wa zai sabunta, wa zai ajiye kwafi, da wanda zai wanke shafin idan abin ya faru.