Walbro 450 a Cikin Tanki ko Bosch 044 a Waje: Wanne Ya Dace da IS300 Mai Turbo?

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗaura wa Lexus IS300 ɗinka turbo, kana harin ƙarfin doki 500. Wani bakanike ya ce ka jefa famfon mai Walbro 450 cikin tanki ka huta, wani kuma ya ce sai Bosch 044 a waje tare da ƙaramin tankin ajiya. Kana so ka san wanne ya fi.

Bari mu fara da lissafi, domin shi ne zai raba gardama. Injin fetur mai turbo idan aka taka shi har ƙasa, kowane doki ɗaya yana shan kusan lita 0.37 a awa. Doki 500 ke nan wajen lita 185 a awa. Ƙara rara kaɗan don gudun tsautsayi, ka kai 220. To amma lambar da ke jikin kwalin famfo, 255 ko 340 ko 450, wato litar da yake turawa a awa, an auna ta ne a matsin kusan bar 3 (bar ma'aunin matsi ne) da wutar volt 13.5. Motarka ba za ta tsaya a nan ba. Idan turbo yana tura iska bar 1.2, dole matsin mai ya hau zuwa 4.2, ga kuma abin da tiyo da filta suke ci. Matsi na hawa, ƙarfin turin famfo na sauka. Shi ya sa tsohon Walbro 255 da kowa ya sani yake komawa wajen 200 a irin wannan hali, wato ya zo maka a kan gaɓa.

Duka biyun da aka ba ka shawara sun wuce wannan gaɓar. Walbro 450 ko a bar 5 yana ba da sama da lita 300 a awa. Bosch 044 yana wajen 300 tun daga farko, amma abin da ya yi masa suna shi ne juriya: matsi ya hau, shi bai cika sauka ba. Don haka ta fuskar yawan mai babu wanda zai ba ka kunya. Bambancinsu yana wajen zama a mota.

Na cikin tanki aikinsa ya fi sauƙi, kuɗinsa ya fi sauƙi, kuma ba shi da ƙara tunda a nitse yake cikin mai, man ne kuma yake sanyaya shi. Sai dai gindinsa ya fi na asali kauri, dole a gyara mazauninsa. Babbar matsalarsa wuta ce. Yana jan amfiya 15 zuwa 20 idan matsi ya hau, alhali siririyar wayar kamfani ba don haka aka yi ta ba. Wuta ta ragu a hanya, famfon 450 ya koma yana aikin ƙaramin famfo, soket ɗin saman tanki ya yi ta ɗaukar zafi har ya narke. Ka sami rewaya ya ja waya mai kauri daga batir, da rile da fiyus nata, tsohuwar wayar ta zama aikinta kunna rilen kawai.

Shi kuwa 044 gwani ne wajen turi amma rago ne wajen zuƙa. Yana so mai ya zo masa da kansa. Shi ya sa ake haɗa shi da ɗan tanki mai lita 1 zuwa 2: famfon cikin babban tanki ya cika ƙaramin, 044 ya ɗiba daga nan ya tura wa injin. Amfanin wannan yana fitowa ne a kwana. Idan ka shiga doguwar kwana a guje ko kana juya mota a filin wasa, mai yana tattaruwa gefe guda, famfon cikin tanki ya zuƙi iska. Daƙiƙa ɗaya ta ƙarancin mai a lokacin da turbo ya cika ta isa ta ƙona fistin. Ƙaramin tankin nan kullum a cike yake, ba ruwansa da kwana. Farashinsa kuwa: famfo biyu, mahaɗai da yawa waɗanda kowanne zai iya yoyo, ƙugi a kunne duk tafiya, da fetur a but, wanda dole a killace shi daga ɗakin fasinja.

Ga abin da bakaniken biyu ba su gaya maka ba, kuma ya fi zaɓen famfon muhimmanci. IS300 ba ta zo da tiyon mayar da mai daga injin zuwa tanki ba. Regiletarta, wato mai daidaita matsin mai, a cikin tanki take, matsinta a tsaye yake, ba ta san turbo yana turi ba. Iska ta hau bar 1.2, ainihin matsin da nozul ke fesawa da shi ya ragu da 1.2, daidai lokacin da injin ya fi jin ƙishi. Ko wane famfo ka saya, sai ka ja tiyon dawowa ka sa regileta ta waje mai bin matsin turbo ɗaya bisa ɗaya. A nan kuma akwai tarko. Tankin motar kamar sirdi yake, gida biyu ne saboda farfela ta ratsa ƙarƙashinsa, kuma man da ke dawowa ne yake bi ta wata 'yar ƙofa ya janyo na ɗaya gidan. Idan aka tsallake 'yar ƙofar, mota za ta mutu a hanya geji yana nuna akwai mai. Idan kuma aka bar ta yadda take, 450 yakan fi ƙarfinta, matsi ya ƙi sauka a silo, mota ta yi ta baƙin hayaƙi. Ana ɗan faɗaɗa ta ne a hankali ana duba geji.

Nozul ma ka tanadi masu fesa cc 650 zuwa 750 a minti aƙalla, don kada su wuce kashi 85 cikin 100 na aikinsu. Kuma tunda maganar ta zo, sandunan fistin na injin motarka, 2JZ-GE mai VVT-i, sun fi na ɗan'uwansa GTE mai turbon kamfani siranta, doki 500 a kansu ganganci ne, amma wannan zancen wata rana ne.

Ni dai a ganina, in motar titi ce da kake zuwa aiki da ita, kana ɗan taka ta a miƙaƙƙiyar hanya, ka ɗauki Walbro 450 da sabuwar waya da tiyon dawowa. Ka daina yawo da mai ƙasa da kwata, musamman a zafin bazara, domin babban famfo yana zagaya ɗan man da ya rage har ya ɗau zafi. In kuwa filin tsere ko juyi za ka riƙa shiga, 044 da ƙaramin tanki sun cancanci wahalarsu. Ko wanne ne, jabunsa ya cika kasuwa, arha mai yawa alama ce.

Kafin a saita kwamfutar injin, a ɗaura gejin matsin mai inda na kusa da direba zai gani, a taka a giya ta uku. In regileta tana kan bar 3 kuma turbo ya kai 1.2, allura ta tsaya a 4.2 har ƙarshen giyar. Da ta fara gangarowa, a ɗaga ƙafa, a auna wutar da ke isa famfo, sannan a duba filta.