Na'urar TENS: Inda Ta Taimaki Ƙafata da Inda Ta Gaza

Masu tambayata ko na'urar TENS, mai rage ciwo da 'yar wutar lantarki ta kan fata, ta ci kuɗinta, amsata ita ce e, amma ya danganta da irin ciwon da ke damun mutum. Ni karaya na samu a cinya, hatsarin mota a hanyar Zariya, aka sa mini ƙarfe. Ƙashi ya haɗe tuntuni, ciwo bai tafi ba. Likitata ta ce duk ciwon da ya haura wata 3 ya zama mai naci, lallaɓa shi ake yi.

A wajen gashin ƙashi aka fara gwada ta a jikina, daga baya na sayi tawa a wani shagon kayan asibiti a Sabon Gari. Ba ta fi ƙaramar waya girma ba, batir take ci, tana da 'yan faifai huɗu masu danƙo da ake mannawa a fata kewaye da inda ke ciwo. Da ka kunna za ka ji wani zirr kamar kiyashi na bin jikinka. Wannan 'yar wutar ce ke shagaltar da jijiyoyi, sai saƙon ciwo ya ragu kafin ya isa ƙwaƙwalwa, bayanin da masana biyu, Melzack da Wall, suka kawo a 1965.

Tsamin gwiwa da riƙewar ƙugu, musamman da hunturu, a nan ta burge ni. Nakan manna ta bayan Isha'i, minti 30, in samu barci. Da asuba har ruku'u nake yi ba tare da dafa bango ba. Babban abin da ya fi faranta mini rai shi ne rage shan maganin ciwon nan diclofenac, wanda ya soma tayar mini da gyambon ciki, ga tsoron abin da yake yi wa ƙoda. Tramadol kuwa, na ga yadda ya kama wasu da muka yi jinya tare, ba na fatan komawa kansa.

Zogin nan mai ƙuna da ke sauka har tafin ƙafa, na jijiyar da ta taɓu, da kyar ta rage shi. Wannan sai da likita ta rubuta wani magani mai suna amitriptyline. Sauƙin na'urar ma na 'yan sa'o'i ne, kuma ba ta maye gurbin motsa jikin da ake koya mana.

Faifan ne matsalarta. Zufar Kano na cinye danƙonsu da wuri, sababbi kuma ba ko'ina ake samu ba, don haka a tambayi mai shago kafin a biya.

Mai juna biyu, mai farfaɗiya, da wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, kada su taɓa ta sai da izinin likita. Ba a manna ta a maƙogwaro, ko kan rauni, ko inda fata ta yi dindiris ba ta jin taɓi.