Sallar da na yi a masaukin matafiya a Istanbul

Kwana biyar na yi a wani masaukin matafiya da ke unguwar Sultanahmet a Istanbul, kuma ƙaramar Sallar 2023 ta faɗo a tsakiyarsu. Ba otal ba ne. Irin wurin nan ne da gado kake kamawa ba ɗaki ba: mu shida a ɗakinmu, gadaje masu hawa biyu, kowa da akwatin ƙarfensa na kulle kaya, banɗaki kuwa na kowa da kowa ne. Abu ɗaya ya sa na zaɓe shi. Na ga sun rubuta cewa ranar Sallah suna tara baƙinsu gaba ɗaya a ci abincin dare tare. Duk wanda ya taɓa yin Sallah shi kaɗai a ɗakin otal ya san abin da ya sa wannan ya ja hankalina.

Bari in fara da abin da bai yi mini ba. Ruwan zafi ba ya isar mutane da safe, in ka makara sai dai na sanyi, ga shi Istanbul a watan Afrilu da sauran sanyinta. Bangon ɗakunan ba shi da kauri, duk wanda ya dawo cikin dare sai ka ji takunsa. Waɗannan na yafe, don kuɗin gadon bai kai a yi ƙorafi ba. Wanda ya ɓata mini rai shi ne babu wanda ya gaya mana lokacin sallar Idi. A Turkiyya da sassafe ake yin ta, ba a daɗe da fitowar rana ba, kuma a cikin masallatai. Ranar tun kafin ƙarfe 7 aka tayar. Masaukin da yake tallata bikin Sallah ai ya kamata ya manna takarda a bakin ƙofa. Allah ya taimake ni wani ɗan Maroko da muke ɗaki ɗaya ya tambayi mai shagon burodi tun da dare, shi ya tashe ni.

A ƙafa muka tafi masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya gina wa Sarki Sulaiman tsakanin 1550 da 1557. Mun tarar ciki ya cika, sai a harabar waje muka samu sahu. Turkawa galibinsu 'yan mazhabar Hanafiyya ne, a raka'a ta biyu liman karatu yake fara yi, sannan ya kawo kabbarori uku kafin ruku'u. Da ya yi ta farko, ni da abokina muka sunkuya, sai wani dattijo da ke gefena ya ɗan taɓa gwiwar hannuna a hankali, na miƙe. Bayan an sallame ya kama hannuna da hannayensa biyu ya ce "Bayramınız mübarek olsun," wato barka da Sallah. Da wannan gaisuwar na wuni ranar.

Yinin bai da wani labari mai yawa. Babbar kasuwar nan mai rufi, Kapalıçarşı, a rufe take kwanakin Sallah, wanda ya zo da niyyar sayayya ya sani. A ranar, Juma'a 21 ga Afrilu, aka sake buɗe masallacin Sultanahmet mai hasumiya shida bayan shekarun da aka kwashe ana gyaransa, don haka unguwarmu ba masaka tsinke. Na tsere wa cunkoson na hau jirgin ruwa daga Eminönü zuwa Üsküdar, na sha shayi a ɓangaren Asiya, na dawo.

Da magariba aka jera tebura a saman bene, aka haɗa su suka zama ɗaya dogo. Mun kai mu ashirin. Tun a bakin matakala wata dattijuwa, mai girkin gidan, ta tsaya da kwalbar kolonya, wani turaren ruwa mai ƙamshin lemun tsami, tana ɗiga wa kowa a tafin hannu, kusa da ita faranti cike da alewar lokum. Ma'aikatan suna ce mata "Teyze," kamar ka ce inna. Sai na ga kowane yaro a cikinsu ya kama hannunta ya sumbata, ya kai shi goshinsa. Haka ƙarami yake gai da babba ranar Sallah a can. Wata 'yar Japan ta tambaya ko ita ma za ta iya, aka ce me zai hana. Ta yi, Teyze ta rungume ta. Daga nan aka yi layi.

Abincin ba wani na a zo a gani ba ne: miyar lentil (wani irin ƙaramin wake), shinkafa, dolma (ganyen inabi da aka naɗe shinkafa a ciki), kaza, sai baklava, wani kayan zaƙi, a ƙarshe. Ya yi daɗi, kuma ya ishi kowa. Amma ba shi ne abin da nake yabo ba. Abin da masu masaukin suka iya shi ne zaunar da mutane. Ba su bar 'yan ƙasa ɗaya sun dunƙule wuri guda ba, kuma ba su cika mu da jawabi ko kiɗa ba. Saurayin da ke kula da karɓar baƙi ya ce kowa ya faɗi yadda ake gaisuwar biki a harshensu, ya zauna, shi ke nan. Sauran hira ta ɗauki kanta.

A nan na ji cewa ma'auratan Indonesiya da ke gabana, da ɗan Marokon nan, duk a ƙasashensu sai washegari Asabar za a yi Sallah. Turkiyya da lissafi take tsayar da ranar tun kafin lokaci, su kuwa ganin wata aka jira. Matar ta ce mahaifiyarta ta kira tana cikin azumi, ita kuma tana cin baklava. Sannan ta koya mana abin da suke faɗa wa juna, "mohon maaf lahir dan batin," neman gafara kan laifin fili da na ɓoye. Wani ɗan Brazil, wanda bai taɓa zama da Musulmi a teburi ɗaya ba, ya sa ta maimaita har sau uku yana rubutawa a wayarsa. Ya ce akwai ɗan'uwansa da suka yi shekara biyu ba sa magana.

Can hira ta yi nisa, wata Bajamushiya ta tambayi saurayin nan me ya hana shi zuwa gida Sallah. Ya ce shi ɗan Hatay ne, lardin da girgizar ƙasa ta yi wa mummunar ɓarna. Wurin ya yi tsit, domin kowa ya san girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu, wadda ta kashe mutum sama da 50,000 a Turkiyya, wata biyu da rabi kacal kafin wannan dare. Ya ce iyayensa suna raye, amma gidan da ake taruwa babu shi. Bai ƙara komai ba, ya tashi ya zagaya da butar shayi. Ɗan Marokon ya ce masa, "Ɗan'uwa, zauna, yau mu za mu zuba maka." Ya karɓi butar, saurayin ya zauna.

Akwai abin da ya kamata Musulmi ya sani kafin ya kama gado. Ba a kawo giya teburin ba, kuma na yaba musu da hakan. Amma bayan ƙarfe 10 wasu baƙin sun fito da tasu, saman benen ya koma wani wuri daban, sai na sauka. Babu kuma ɗakin salla a gidan, a tsakanin gadaje nake shimfiɗa darduma, ko in fita masallaci, da yake unguwar ba ta rasa su.

Mai iyali, ko mai son barci ba hayaniya, ya nemi otal. Wanda Sallah za ta riska shi kaɗai a Istanbul kuwa, ina ba shi shawarar irin wannan masauki, da sharaɗin ya tambaya tun kafin ya biya ko suna yin cin abincin tare, ya kuma nemi lokacin Idi da kansa. Ni in na koma, gadon ƙasa zan roƙa, na nesa da ƙofa.