Kansilan Abuja da Kansilan Kano: Wa Ke Shirya Zaɓensu?

A Abuja, hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi 6 da kansiloli 62. A zaɓen Fabrairun 2022, APC ta samu shugabanni 3, PDP ma 3. Ɗan takarar kansila a Kuje ko Gwagwalada ya san zai iya faɗuwa, don haka dole ya bi unguwa-unguwa yana maganar rijiyar burtsatse, kwalbati da asibitin sha-ka-tafi.

A Kano kuwa, hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, ce ke riƙe da akwatin, gwamna kuma shi ke naɗa shugabanninta. A 2021 APC, jam'iyyar gwamnan lokacin, ta kwashe ƙananan hukumomi 44 duka. A Oktoban 2024 NNPP, ita ma jam'iyyar gwamnan lokacin, ta cinye 44 ɗin da kujerun kansila 484. Wannan ne ke damuna. Idan samun tikitin jam'iyyar gwamna shi ne cin zaɓe, kansila zai fi jin tsoron ubangidansa a kan mutanen mazaɓarsa, komai nagartarsa.

Tsarin Abuja ma yana da aibinsa, don masu fitowa jefa ƙuri'a ba su da yawa. Duk da haka shi na fi so, saboda a can ƙuri'ar mai shayi tana iya kayar da kansila.