Cinikin Biri a Sama: Hattara da Masu Tallar Ƙaramin Jirgi da Alkawarin Sauke Maka Shi a Katsina

Jama'a, musamman 'yan kasuwa da manyan manomanmu da ke sha'awar mallakar ƙaramin jirgin sama, akwai wani salon damfara da ya kamata ku san kamanninsa tun kafin ya ƙwanƙwasa muku ƙofa. Talla ce ke zuwa ta Facebook ko WhatsApp: hoton Cessna 172 ko Piper mai kujera huɗu, fes da shi, farashi ƙasa da na kasuwa nesa ba kusa ba, sannan a ƙara da cewa akwai matuƙin da zai tuƙo shi har filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa, kai dai ka je ka karɓi makulli.

Dalilin da ya sa tarkon ke kama mutanen Katsina da Daura shi ne mun saba da wani ciniki mai kama da wannan. Shekara da shekaru ana aika kuɗi Kwatano, dillali ya sayi mota, direba ya biyo da ita ta Maraɗi ya shigo ta Jibiya, in ya bugo waya a hanya ya ce taya ta fashe sai a tura masa wani abu. Da wannan sabon ne macutan ke aiki. Sai dai jirgi ba mota ba ne, kuma mafi yawan kuɗin da suke tatsa ba a farashin jirgin yake ba, a zancen kawo shi yake.

Tafiyar takan kasance haka. Da farko kafin alƙalami, wai don a cire tallar kada wani ya riga ka. Sannan a haɗa ka da "matuƙi", mai hoton kaki da tabarau. Bayan kwana biyu ya ce sai an ɗaura ƙarin tankin mai. Ka tura. Ya ce yana Goose Bay a Kanada, ƙanƙara ta hana tashi, ana bin kuɗin rumfar ajiya da na masauki. Ka tura. Daga nan izinin ratsa sararin samaniyar wata ƙasa, daga nan wani ƙarfe ya lalace a Dakar, daga nan kwastan. Duk lokacin da ka so tsayawa, sai ka tuna abin da ka riga ka zuba, ka ce bari in ƙarasa. Abin da ke ruɗa mutum shi ne kowane ɗaya daga cikin waɗannan uzurori yana faruwa da gaske ga masu wannan sana'a. Bambancin kawai, matuƙin gaskiya ya san da su tun bai tashi ba, ya rubuta su a yarjejeniya da ƙiyasin kuɗinsu, kuma kowanne yana da rasit daga kamfanin da za ka iya bugawa waya da kanka.

Mu fara da jirgin kansa, ko akwai shi ma. Kowane jirgi yana da lambar rajista a jikinsa: na Amurka na farawa da N, na Najeriya da 5N, na Birtaniya da G, na Afirka ta Kudu da ZS. Hukumar jiragen saman Amurka, FAA, ta buɗe rajistarta a intanet kyauta. Ka rubuta lambar, za ta nuna maka ƙirar jirgin, lambar masana'anta, galibi kuma har da sunan mai shi da garinsa. In a hoton an goge lambar ko an yanke wutsiyar, ciniki ya ƙare nan. Amma kada ganin lambar ta yi daidai ya kwantar maka da hankali, domin hoton jirgin gaskiya suke sata daga tallar gaskiya. Nemo lambar wayar mai jirgin ko ta kamfanin da ke kula da shi ta wata hanyar daban, ba wadda dillali ya ba ka ba, ka tambaye su ko sun san wannan mutum. Sannan ka nemi kiran bidiyo kai tsaye: mai sayarwa ya tsaya jikin jirgin, ya haska maka farantin ƙarfen masana'anta, wanda ke kusa da wutsiya ko bakin ƙofa, ya buɗe ƙofa, ya kunna batir ka ga allurai sun motsa. Mai jirgi ba zai ɗauki minti goma yana wannan ba. Macuci kuwa kullum yana "tafiya" ko kyamararsa ta lalace.

Kuɗin jirgi a Amurka ba a tura shi asusun mutum. Ana ajiye shi ne wurin kamfanin riƙon amana, yawancinsu a birnin Oklahoma suke saboda can rajistar FAA take. Su ne ke binciken ko akwai bashin banki ko na bakanike a kan jirgin, su karɓi takardar sayarwa mai lamba 8050-2 da sa hannun mai shi, sannan su saki kuɗi. Macutan sun san haka, shi ya sa suke gina shafin bogi mai suna kusan iri ɗaya da na gaskiya, harafi ɗaya ne ya bambanta. Kai ne za ka zaɓi kamfanin, ba mai sayarwa ba. In kuma saƙon imel ya zo ana gobe biya yana cewa an canja lambar asusu, kada ka tura ko sisi sai ka buga waya ta lambar da ka sani tun farko.

Akwai kuma damfara ta biyu, wadda jirgin na nan amma gawa ce aka yi wa fenti. A nan littattafan tarihi uku ne ke magana: na gangar jiki, na inji, na farfela. Jirgin da littattafansa suka "ɓata" darajarsa ta faɗi warwas, kuma yi masa rajista a Najeriya zai zama aiki. Injin Lycoming da ke kan Cessna 172, masana'anta ta ba da shawarar a yi masa garambawul bayan awa 2,000 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. Dillalai na son cewa "awa 400 kacal ya yi", su ɓoye cewa a cikin shekara 20 ya yi su. Injin da ke zaune ya fi wanda ke aiki lalacewa, domin a Lycoming sandar da ke buɗe bawul a sama take, baƙin mai ya tsiyaye daga jikinta, raɓa ta zauna, tsatsa ta ci. Ba za ka ji komai ba a awannin farko, sai ƙarfe ya fara fita a cikin mai. Don haka ka ɗauki injiniyan da kai ke biyansa, wanda bai taɓa yi wa jirgin aiki ba. Zai hura iska mai ƙarfin 80 a kowace silinda ya ga nawa ta riƙe: 70 zuwa sama lafiya, ƙasa da 60 akwai magana. Zai zura ƙaramar kyamara ta ramin fulogi ya duba bango da bawul, ya yanka matatar baƙin mai ya baza takardar cikinta a rana yana neman ƙyallin ƙarfe, ya buɗe murafan ƙarƙashin fiffike ya duba tsatsa, sannan ya bi umarnin gyaran dole da hukuma ta fitar kan wannan ƙirar ɗaya bayan ɗaya. Mai sayarwar da ya ce binciken shekara-shekara da aka yi wata uku da suka wuce ya wadatar, ka bar masa kayansa.

Yanzu zancen kawowa, inda ƙaryar ta fi saurin tonuwa ga wanda ya iya lissafi. Cessna 172 na zamani na ɗaukar galan 53 na man da za a iya amfani da shi, kusan lita 200, durom guda ke nan. Yana shan kimanin lita 35 a awa, yana gudun kilomita 210 ko sama kaɗan. Iyakar zangonsa a takarda bai kai kilomita 1,200 ba. Hanyar da ake bi daga Amurka ita ce ta arewa: Bangor, Goose Bay, Girinlan, Reykjavik a Aislan, Wick a Sikotilan, kuma wasu zangunan sun kai ko sun haura abin da tankinsa zai iya, a kan teku mai sanyin da ke kashe mutum cikin ɗan lokaci. Shi ya sa ake cire kujerun baya a ɗaura ƙarin tanki, a nemi izinin tashi na musamman saboda nauyi ya wuce ƙa'ida, a tanadi kwale-kwalen ceto da rigar da ke hana sanyin ruwa shiga. Duk wannan a gareji ake yinsa kafin tashi. Matuƙin da ya "tuna" da tanki bayan ya kama hanya bai taɓa ƙetare ko tafkin Ajiwa ba.

Daga Turai kuma sai Sifaniya, Maroko, gaɓar teku ta Muritaniya zuwa Dakar, sannan a yi gabas. Kowace ƙasa da izinin ratsawa da na sauka, mai lamba da ranar aiki, kuma kamfanonin da ke nemo su suna ba da kwafi. Yankin Sahel ba wurin shiga babu tabbacin izini ba ne. Kowa ya tuna yadda Nijar ta rufe sararin samaniyarta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki. Ka tambayi matuƙi sau nawa ya ƙetare teku da jirgi, ka nemi lambar lasisinsa, ka kuma nemi takardar inshorar tafiyar da sunansa a ciki, domin kamfanonin inshora ba sa yarda da wanda bai da gogewar ƙetarewa. Hoton taswira da ɗan jirgi a kai ba shaida ba ne, yaro ma zai haɗa shi a waya. Kai ka buɗe shafin bibiyar jirage na FlightAware ko Flightradar24 ka sa lambar jirgin da hannunka. Gaskiya ne a kan teku da hamada alamar kan ɓace, amma matuƙan gaskiya na ɗaukar na'urar tauraron ɗan'adam irin Garmin inReach, su ba mai jirgi adireshin da zai riƙa bibiya.

A ra'ayinmu, ga jirgi mai kujera huɗu, kwance fukafukai a sa shi a kwantena mai ƙafa 40 zuwa Legas ya fi hankali. Akwai takardar lodin jirgin ruwa da lambar kwantena da za ka bibiya, injin bai ci awanni masu yawa a banza ba, ba a kuma jefa ran kowa cikin haɗari ba. Dillalin da ya ƙi jin zancen kwantena sam, ka tambayi kanka me ya sa.

Ko ta sama ko ta ruwa, takardun gida suna gaba da sayen. Sai ka nemi amincewar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, kafin shigo da jirgi, ka buɗe Form M, wato takardar shigo da kaya, ta bankinka, a samo takardar shaidar lafiyar jirgi ta fitarwa daga ƙasar da ya fito, a soke rajistarsa a can kafin a ba shi 5N, domin jirgi ba ya riƙe rajistar ƙasa biyu. Mai amfani da jirgi don kansa yana buƙatar izinin da ake kira PNCF. Wanda ya ce maka ka bar shi da lambar N da sunanka don kauce wa wannan duka, ƙarya yake: dokar Amurka ba ta ba baƙon da ba mazauni ba damar yin rajista da sunansa kai tsaye, sai ta hannun amintaccen da ke riƙe masa.

Ko jirgin a Legas yake, maganar "gobe da safe zai sauka Katsina" abar dubawa ce. Tsakanin Legas da Katsina kimanin kilomita 860 ne a miƙe, awa huɗu in iska ta kwanta. Da hunturu iskar arewa maso gabas na bugun hancin jirgin kai tsaye. In ta rage masa kilomita 35 a awa, tafiyar ta kusa awa biyar, lita 170 da ɗoriya sun tafi, abin da ya rage bai kai na awa ɗaya ba. Ga hazo: mai tuƙi da ido yana buƙatar ganin kilomita 5, alhali a Disamba da Janairu akwai ranakun da ko kilomita ɗaya ba a gani. Dole a yada zango a hanya, kuma a nan matsalar mai ke fitowa. Waɗannan injuna man Avgas 100LL suke sha, wato fetur ɗin jirgi, mai launin shuɗi, wanda ya yi ƙaranci ƙwarai a filayen jiragenmu. Abin da ake samu ko'ina Jet A-1 ne, dangin kananzir. In aka ɗura shi a injin fetur, jirgin zai tashi da ragowar man da ke cikin bututu, sannan injin ya mutu yana cikin hawa. Matuƙin da ya san aikinsa zai gaya maka filin da zai sha mai, wanda ya yi magana da shi, ko kuma durom nawa aka tura a mota da hatiminsu. Zai kuma so tashi da sassafe a bazara, domin filin Katsina na kan tudun kusan ƙafa 1,700, kuma in zafi ya kai digiri 40 injin na jin kamar yana ƙafa 5,000 ne. Ka yi wa mai tallar waɗannan tambayoyi biyu, ina za a sha mai kuma wane iri, ka saurari amsar.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya tsaya cak daga yau, ko da an ce saura biya ɗaya jirgi ya sauka. Ya je bankinsa a ranar ya nemi a yi ƙoƙarin janyo kuɗin, domin kowace awa tana rage damar. Kada ya goge hirar WhatsApp, ya adana rasit, lambobin asusu, hotuna da saƙonnin murya, ya kai ƙara ofishin EFCC na Kano ko wurin 'yan sanda. Bayan 'yan makonni wani zai iya kira ya ce shi lauya ne ko jami'i, an kama mutanen, a biya kuɗin buɗe fayil a maido da dukiya. Shi ma macuci ne, lambarsa ma a haɗa ta cikin fayil ɗin ƙarar.