Wata huɗu ina bitar jarabawar fannin mata da haihuwa da manhajar waya

Wata babbar yayata a wurin aiki ce ta nuna mini manhajar, ranar da na faɗa mata zan zauna jarabawar mataki na ɗaya ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Fannin mata da haihuwa a ƙarƙashin kwalejin yake, kuma sau biyu ake zama a shekara, Afrilu da Oktoba. Na zaɓi Afrilu, na biya kuɗin wata huɗu, na sauke ta a waya.

Na ji daɗinta, gaskiya. Tana aiki ko babu sabis, idan dai an riga an sauke tambayoyin. Da dare a ɗakin haihuwa, idan aka sami ɗan sarari tsakanin wannan naƙudar da waccan, sai in amsa goma ko ashirin. A zafin Maris na Sakkwato, ga wuta ta ɗauke, waya ta fi ƙaton littafi sauƙin riƙewa. Kowace amsa da bayaninta, har da dalilin da ya sa sauran ba daidai ba ne. Kuma ba ta tsaya a tsohon karatu ba. Ta tambaye ni kan tranexamic acid, maganin tsayar da zubar jini, giram 1 cikin awa 3 da haihuwa idan jini ya ɓalle, ta kuma tambaye ni kan sabuwar takardar bibiyar naƙuda da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020. Agogon da ke cikin manhajar ya koya mini sauri.

Inda ta ba ni haushi shi ne jijjigar masu ciki. Duk tambayar da ta shafi magnesium sulphate, maganin da ake bayarwa don jijjigar, tsarin Zuspan take so: giram 4 ta jijiya, sannan giram 1 kowace awa da injin ɗiga magani. Mu kuwa wanda hannunmu ya saba da shi Pritchard ne, giram 4 ta jijiya da giram 5 a kowane ɗuwawu, sai giram 5 duk bayan awa 4, ana duba numfashi da fitsari da motsin gwiwa, calcium gluconate, makarinsa idan ya yi yawa a jiki, yana kusa. Ban ga an kawo tsarin Pritchard ba sai a wuri ɗaya, a taƙaice. Gajeren tsarin nan da likitocin Sakkwato suka gwada suka wallafa a 2009, na giram 14 na farko kawai, ko ambatonsa babu. Ya yi mini ciwo, domin matan da ake kawo mana daga ƙauye suna taune harshe, su ne aka yi wannan binciken a kansu.

Haka yoyon fitsari. A garin da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha yake da sashe guda na masu wannan larura, ina buƙatar tambayoyi masu zurfi kan doguwar naƙuda, da tsagewar mahaifa, da tsawon lokacin da robar fitsari za ta zauna bayan gyara. Abin da na samu bai taka kara ya karya ba. Zazzaɓin cizon sauro ga mai ciki da sikila ma an wuce su da sauri, alhali tambayoyin dashen ƙwai a mahaifa da tiyatar madubi, wadda ake yi da ƴar kyamara, sun yi yawa. Da ganinta ka san don masu jarabawar Ingila aka fara tsara ta.

Sashen gwaji na aikace kuwa, ba ta tsinana mini komai ba, kuma ban zarge ta sosai a nan ba. Waya ba za ta koya maka yadda za ka tambayi mace tarihin cikinta cikin kunya da mutuntawa ba, ko yadda za ka gabatar da ita gaban malamai cikin ƴan mintoci. Wannan a wurin manyanmu na samu, Allah Ya saka musu da alheri, da kuma bitar da mu huɗu muke yi bayan la'asar, ɗaya ta zama marar lafiya, ɗaya mai jarrabawa.

Na aika wa masu manhajar saƙo kan Pritchard da yoyon fitsari, har yau ina jiran amsa. Da wata ƙanwata a aiki, mai shirin zaman Oktoba, ta ce, "Anti, in saya?" na ce ta biya na wata biyu na ƙarshe kawai, sauran kuɗin ta ajiye na mota da masauki. Na kuma ba ta littafina na hannu, wanda na rubuta tsarin Pritchard a shafinsa na farko.