Akwatin bidiyo ɗaya ko akwatuna da yawa: wanne ya fi?

Malam, ka ce kana haɗa shafi don wata Islamiyya a Tudun Wada, kana da bidiyon karatu 12, kuma kana so ɗalibi ya danna sunan darasi ya gan shi a wuri ɗaya ba tare da shafin ya sake buɗewa ba. Hanya biyu aka fi bi.

Ta farko ita ce ka ajiye akwatin bidiyo guda na HTML5, wato harshen da ake gina shafin intanet da shi. Duk lokacin da aka danna wani darasi, sai JavaScript, wato harshen da ke ba shafi umarni, ya sauya adireshin bidiyon da ke cikin src, ya kira load don ɗauko sabon, sannan play don kunna shi. Ta biyu kuwa, ka jera akwatuna 12 a wuri guda, ka ɓoye 11, ka bar wanda ake kallo.

Ta biyun ta fi saurin sauyi, kuma kowane bidiyo yana nan inda mai kallo ya tsaya. Sai dai tsadarta a kan ɗalibi take faɗawa. Muddin ba ka sa preload a kan none ba, wato ka ce kada a jawo komai tukuna, burauza na iya fara jawo wani ɓangare na kowane bidiyo tun kafin a taɓa shi, kuma yaron da ya sayi data kaɗan a ƙaramar waya, a Rigasa ko Kawo, shi zai biya kuɗin abin da bai kalla ba. Haka kuma ɓoye akwati ba ya tsayar da sauti. Idan ka manta da pause, za a ji malamai biyu suna karatu lokaci guda.

Ta farkon bidiyo ɗaya kawai take jawowa, don haka wayar ba ta nauyi. Aibinta shi ne ɗan jira a kowane sauyi, da kuma mantuwar inda aka tsaya, amma duka biyun suna da magani: ka sa hoton darasin a poster, wato hoton da ke fitowa kafin bidiyo ya fara, domin kada allon ya yi baƙi, ka kuma adana currentTime, wato daidai inda aka tsaya, kafin sauyi, ka mayar da shi idan an dawo kan wannan darasin. Ni ita nake ba ka shawara, sai fa idan gajerun bidiyo biyu ake son kwatantawa nan take.

Ko wacce ka ɗauka, ka tuna cewa tun 2018 Chrome yake hana bidiyo mai sauti tashi da kansa kafin mutum ya taɓa shafin, saboda haka ka haɗa play da dannawar ɗalibi. Ka ƙara playsinline saboda masu iPhone, domin bidiyon ya yi aiki a cikin shafin maimakon ya cika allo, ka kuma ajiye fayilolin a MP4. Idan kuwa a YouTube karatun yake, akwati ɗaya da loadVideoById, wato umarnin YouTube na sauya bidiyo, ya ishe ka.